Kuɗin riɗin bana: in rage bashin gida ko in gyara ɗakin Inna?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Shekara 6 ke nan da na karɓi bashin gina gida na naira miliyan 3 ta asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, ruwa kashi 6 cikin 100, biya cikin shekara 20. Duk wata ana zare min 21,500 tun albashi bai shigo hannuna ba. Gidan yana bakin gari ne a ƙasar Gumel, ɗaki uku, bulo da siminti, rufin kwano. Bana Allah ya yi wa riɗina albarka, na kuma sayar da sa ɗaya a Maigatari ranar Alhamis. Bayan na ware na abinci da na makarantar yara, akwai 600,000 a ajiye. Zuciyata tana ce min in kai su banki in rage bashin nan. To amma tun da hunturu ya shigo mahaifiyata ba ta barci. Simintin ɗakinta kamar ƙanƙara, iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ga ta da ciwon gwiwa. Uwargida ta ce a sa mata tayil a yi silin. Idan na yi haka kuɗin sun tafi. Wanne zan fara?

Dan_Maigatari:
Wa alaikumus salam. Wannan ai ba tambaya ba ce Malam. Uwa ce fa. Banki zai jira, sanyin Janairu ba ya jira.

Birkila_Hadejia:
Kafin a yi nisa, Yallaɓai kada ka sa tayil saboda sanyi. Shekara ashirin da wani abu ina wannan aikin, tayil ya fi siminti sanyin taɓawa. Kwalliya ce da sauƙin shara. Ga santsi, tsohuwa mai ciwon gwiwa ta yi alwala ruwa ya ɗiga, sai dai ka ji salati. Ka ba Hajiya haƙuri, ta bar maganar tayil tukuna.

Uwar_Biyu:
Gaskiyar Birkila ce. Mu mun sa, yanzu da asuba ba mai iya taka shi babu silifa. Sai da muka koma muka shimfiɗa leda da tabarma a kai, kuɗi biyu ke nan.

Akanta_Dutse:
Bari in yi maka lissafin, don mutane da yawa ba su san yadda bashin nan yake tafiya ba. A watan farko, cikin 21,500 ɗin da aka cire maka, 15,000 ruwa ne, kusan 6,500 ne kawai suka taɓa uwar kuɗi. Ruwan ana lissafa shi ne a kan abin da ya rage, shi ya sa a shekarun farko kusan shi kake ta biya. Yanzu ka biya wata 72, wato ka ba su fiye da miliyan 1 da rabi, amma in ka je ka nemi takardar lissafinka za ka tarar har yanzu ana bin ka kusan miliyan 2 da dubu 440. Kada ka ce cuta ce, tsarin haka yake.

Idan ka zuba 600,000 a kan uwar kuɗi yau, ka ci gaba da biyan 21,500 ɗinka, maimakon wata 168 da suka rage maka za ka gama cikin wata 112 ko kusa. An yanke maka shekara 4 da wata 8. Ruwan da za ka tsira da shi kuma ya kai kusan 600,000. Wato kowace naira da ka sa yanzu ta hana a karɓi wata naira a gaba.

Baban_Khalifa:
Innalillahi. Miliyan ɗaya da rabi na biya, abin da ya sauka bai kai dubu 600 ba? Ni na ɗauka na kusa rabi.

Akanta_Dutse:
Ba ka kusa ba tukuna. Sai wajen shekara ta 13 ne bashin zai sauko rabi.

Alhaji_Dawanau:
Lissafin Akanta daidai ne a takarda, amma ni ɗan kasuwa ne, ina da ja. A 2019 buhun siminti wajen 2,500 yake, 21,500 ɗinka buhu takwas ne. Zuwa 2025 ya koma buhu biyu da ɗan canji. Bashinka bai ƙaru ba, naira ce ta lalace, kuma kai ka ci ribar lalacewarta. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30, kai kuma ana karɓar kashi 6 a hannunka. Ina za ka sake samun kuɗi mai arha haka? Je ka bankin kasuwa ka tambayi nasu ruwan ka ji. Dubu 600 ɗin da Akanta ya ce za ka tsira da su, nan da shekara goma za su zo maka, lokacin wa ya san abin da za su saya. Ni a ce ni ne, raguna zan saya yanzu in turke su zuwa Layya, ko in ajiye hatsi.

Manomi_Taura:
Alhaji a bar maganar ajiye hatsi don Allah, ciwon bai warke ba. Na sayi masara a kakar 2024 na zuba a rumbu ina jiran bazara, farashi ya yi ta sauka har na sayar ƙasa da yadda na saya, ban da kuɗin magani da buhu. Biyan bashi dai ba ya faɗuwa. Kiwo kuma ka tambayi kuɗin dusa da harawa tukuna, ga ɓarayi.

Alhaji_Dawanau:
Kasuwa ke nan Manomi, wata rana a sha zuma wata rana a sha maɗaci. Shekara ɗaya ba ta zama hujja.

Almajirin_Ringim:
Ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Ana ta lissafin riba da asara, ba wanda ya ambaci cewa bashi ne mai ruwa. Ba na yi wa ɗan'uwa hukunci, ya riga ya shiga, kuma na san halin da ma'aikaci yake ciki. Amma wanda Allah ya buɗa wa hanyar rage zamansa a cikin irin wannan, me zai jira? Kuma ya zo a hadisi cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Ba a raba gado sai an fitar da bashi. In ta Allah ta kasance gobe, raguna za ka bar wa su Khalifa ko takardar banki?

Ma'aikaci_Kazaure:
Allah ya gafarta Malam, a yi mana adalci kaɗan. Tun 1992 doka ta sa ana cire wa ma'aikacin gwamnati kashi 2.5 na albashinsa ana zubawa a wannan asusun, ko ya so ko ya ƙi. Kuɗinmu ne. Da yawanmu har su yi ritaya ba sa samun bashin, sai dai a mayar musu da abin da suka tara bayan sun kai shekara 60 ko sun yi 35 suna aiki. Wanda ya samu ya yi rufin asiri, ni ban ga abin zargi ba.

Almajirin_Ringim:
Ban zarge shi ba Yallaɓai. Cirewar dole daban, sa hannu a karɓi bashi daban. Ya tambayi malaman da ya amince da su. Abin da na ce kawai, gaggawar fita ta fi.

Binta_Gwaram:
Ni tambaya ce da ni a nan. Maigidana ya sayi kayan gini ta bankin da ba ruwa, irin tsarin da su suke saya su sayar maka da riba a biya a hankali. Da ya samu kuɗi ya je zai biya gaba ɗaya, ya ɗauka za a rage masa, aka ce farashi ya riga ya zauna. To shi ma Baban Khalifa ba haka za a yi masa ba?

Almajirin_Ringim:
Malama Binta, mas'ala biyu ce. Naku ciniki ne, an yanke farashi tun farko, ba ya ƙaruwa don an jinkirta, ba dole ya ragu don an gaggauta. A mazhabarmu ta Malikiyya ma ba a yarda a ƙulla cewa rage min in biya ka da wuri ba, yana nan a Risala. Akwai magabatan da suka halatta, ana danganta hakan ga Ibn Abbas. Shi kuwa na Baban Khalifa ba ragi yake roƙo ba, uwar kuɗi zai mayar, ruwan da bai riga ya hau ba ya faɗi da kansa.

Nas_Jahun:
Ku yi haƙuri in dawo da mu ɗakin Inna, don ita ce take kwana cikin sanyi yau da dare. Abu ɗaya nake roƙo, kada a kai mata kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga. Duk hunturu sai mun ga irin wannan a asibiti. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri, ya ɗauka barci ne, shi ke nan. Kuma ku lura, in kun toshe duk kafofin iska kamar yadda za a ba ku shawara, haɗarin kaskon ya ninka. In za ta ji ɗumi, a tsakar gida, ko a ɗumama ɗakin a fitar da kaskon kafin ta kwanta.

Baban_Khalifa:
Subhanallah. Jiya ma da kasko ta kwana. Yanzu zan kira gida.

Birkila_Hadejia:
Yawwa Nas. To ga abin da na sani Yallaɓai, kuma duka ba zai ci maka dubu ɗari ba, balle shida. Sanyin ɗakin nan ta hanya uku yake zuwa. Iska mai sanyi nauyi gare ta, ƙasa take bi, ƙofar ƙarfe kuma masu walda suna barin yatsa biyu ko uku tsakaninta da daɓe. Duk wanda ya kwanta a ƙasa a kan hanyarta yake. Ka yanko robar tsohon tif na taya, a ɗaure ta a gindin ƙofa ta riƙa sharar ƙasa. Ko a samu ƙafar tsohon wando a cika da yashi a ɗinke baki biyu, da dare a tokare. Ka kunna tocila a cikin ɗakin da dare ka fita waje ka zagaya, duk inda ka ga haske yana leƙowa to nan iska take shiga, musamman tsakanin bango da kwano da gefen firam ɗin taga. Kwano ɗaya na siminti da yashi ya ishe ka liƙewa, ko ma taɓo.

Sai shi simintin. Jan zafin jikin mutum yake, shi ya sa tabarma ɗaya ba ta isa. Ana son abin da yake riƙe iska a cikinsa. Kwali shi ne mafi arha, irin na firji ko na taliya, a shimfiɗa ninki biyu, a ɗora tabarmar kaba, sannan leda ko darduma.

Na ukun kwano ne. Da rana ya gasa ku, da dare ɗumin ɗaki ya bi ta cikinsa ya gudu. In ba silin, ko me ka shimfiɗa a ƙasa rabin aiki ka yi. Ɗakinta kaɗai za ka yi wa, ba gidan duka ba.

Uwar_Biyu:
Kwali kam yana aiki amma a faɗi aibinsa. Gara tana son shi kamar me, kunama ma tana shiga ƙarƙashi. Mu duk Juma'a sai mun ɗaga mun share mun shanya. Kuma da zarar zafi ya fara a kwashe shi, kada damina ta same shi a ƙasa, danshi zai taru ƙarƙashin leda ɗaki ya yi ta wari.

Kafinta_Gujungu:
Silin na ɗaki ɗaya ba sai na zamani ba. Akwai masu jera buhunan da aka farke aka ɗinke, akwai masu zana ko asabari a ƙarƙashin kwano. Yana rage sanyi yana rage zafi. Illa dai ɓera da wuta, a nisanta shi da wayar lantarki. In da hali a sa na katako a huta. Kuma ni a ganina ku ɗaga ta daga ƙasa gaba ɗaya, ɗan gado mai tsawon gwiwa, ko don tashi da zama ma ya fi mata.

Inna_Hajara_BirninKudu:
'Ya'yana ina karanta ku ina dariya, jikata ce take rubuta min. Da can wa ya san wannan wahalar? Ɗakin ƙasa ne, rufin azara, katanga mai kauri. Rana ta daka ba ka ji, dare ya yi ɗumin yana nan. Daɓe kuwa mu mata muke yi. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, a taru ana bugawa da madaɓi ana waƙa har ya yi sumul yana ƙyalli. Ba ya ɗaukar sanyi irin na siminti. Tsofaffi da masu jego kuma gadon ƙasa ake gina musu, a sa garwashi a ƙarƙashi. Kuka zo kuka ce ƙauyanci ne, kuka ci bashi kuka gina tanda da rana, randa da dare.

Dan_Maigatari:
Tanda da rana randa da dare! Inna kin gama magana wallahi.

Injiniya_Hadejia:
Ranki ya daɗe gaskiya kika faɗa game da ɗumi, katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali ta sake shi da dare. Amma mu da muka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a wannan yankin mun san dalilin da ya sa mutane suke gudun ginin ƙasa. Gidajen da suka fara zubewa su ne. Kuma banki ba ya ba da bashin gida a kan ginin da yake ganin ruwa zai iya narkar da shi. Abin da ya dace, tushe na siminti mai tsayi, sama kuma a yi yadda ake so.

Nas_Jahun:
Gadon ƙasa ma Inna, a gafarce ni, garwashi ne a cikin ɗaki. Ɗakunan da suna shan iska ta ko'ina. Na yanzu da ƙofar ƙarfe da gilashi ba haka suke ba.

Ma'aikaci_Kazaure:
Komawa kan banki. Baban Khalifa in ka yanke za ka biya, kada ka tura kuɗi kawai ka koma gida. Ni na yi wannan kuskuren. Na zuba dubu 300 a wani banki da ba zan ambaci sunansa ba, ashe sun ajiye su ne a matsayin biyan watannin gaba, ba a cire su daga uwar kuɗi ba. Ruwa ya ci gaba da hawa yadda yake. Wata bakwai ina zirga-zirga kafin a gyara. Ka rubuta takarda ka ce a cire daga uwar kuɗi, a buga maka hatimi a kwafinka, ka karɓi rasit, sannan ka nemi sabon jadawalin biya. Ka tambaya kuma ko akwai tara a kan biya da wuri, yana cikin yarjejeniyar da ka sa wa hannu.

Akanta_Dutse:
Wannan muhimmi ne. Ƙari a kai, za su iya tambayarka ko a rage shekaru ko a rage abin da ake cirewa duk wata. Lissafin da na yi a sama na rage shekaru ne. In ka zaɓi ɗayan, cirewar za ta sauko wajen 16,200, ka samu sararin dubu biyar da wani abu a wata, amma ruwan da za ka tsira da shi ya ragu da fiye da rabi. Ka duba kuma ko akwai inshora a kan bashin, don maganar da Malam ya yi ta abin da za a bar wa yara.

Kuma Alhaji, ban ƙi maganarka ba. Naira tana lalacewa, gaskiya ne. Amma hujjarka tana aiki ne ga wanda kuɗin za su yi masa aiki. Ma'aikacin da ke da dubu 600 a asusu, dangi sun ji ya sayar da sa, ga biki ga suna ga mara lafiya, zuwa watan azumi sai labari.

Alhaji_Dawanau:
Nan kam ka kama ni. Kuɗi a hannun mai kunya ba sa kwana.

Hauwa_Malammadori:
Ni abin da ban ji kowa ya faɗa ba, in ya kwashe duka ya kai banki, ranar da Inna ta tashi da ciwo cikin dare fa? Banki ba zai dawo masa da ko sisi ba. Mu haka ta faru da mu, muka biya bashi kaf muna murna, wata biyu yaro ya kwanta, sai da muka sayar da akuyoyi a wulaƙance. Ka bar wani abu, ko tumaki biyu ne a bayan gida.

Sabon_Shiga:
Don Allah ta yaya ake samun bashin nan? Ni ma ana cire min shekara tara ban taɓa ganin komai ba.

Baban_Khalifa:
Sabon Shiga, ta bankin lamunin gidaje ake bi, su suke kai takardunka FMBN, wato bankin lamunin gidaje na tarayya. Abin da ya fi wahala takardar mallakar fili ce. Ni nawa filin a cikin awon gwamnati yake shi ya sa. Gonar gado da takardar mai unguwa ba sa karɓa.

Shugaban_Zaure:
Sabon Shiga a buɗe wa wannan tambayar wurinta daban, kada a cakuɗa.

Baban_Khalifa:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Na je gida ranar Asabar. An fitar da kasko. Na yi gwajin tocilar Birkila, wallahi ta saman bango kamar taurari, ashe ba a taɓa liƙe tsakanin bulo da kwano ba. Mun liƙe, an sa roba a ƙofa, kwali biyu da tabarma da darduma. Inna ta ce ta yi barci har sai da aka tashe ta sallar asuba. Gado kuwa ta ƙi, ta ce ita ba mara lafiya ba ce. Kafinta zai zo ya auna silin. Uwargida har yanzu tana kan bakanta na tayil, ta ce ko falo ne. Maganar banki ina tunanin 400,000, sauran in yi silin in sayi tumaki, amma ban kai ba tukuna.

Akanta_Dutse:
400,000 za ta yanke maka kusan wata 40. Ba laifi.

Almajirin_Ringim:
Ni dai da 500 ne.

Alhaji_Dawanau:
Ni kuma da ko sisi ba ka kai ba. Mu haɗu nan bayan Layya mu ga wa ya yi gaskiya.

Uwar_Biyu:
Ka faɗa wa Hajiya ta zo gidana da asuba ta taka falo babu takalmi, sannan ku yi maganar tayil.

Manomi_Taura:
Baban Khalifa, nawa ka sayar da san a Maigatari? Ina da guda biyu ina tunanin ko in kai can ko in jira Gujungu ranar Lahadi.